Tarin Da Na Ɓoye Saboda Gurasa

Jama'a, assalamu alaikum. Fiye da shekara sittin ban taɓa buɗe baki a kan wannan jinyar ba, ko 'ya'yana guntu-guntu suka sani. Yau ina zaune a unguwar Ka'akiyya, nan Makka, ina buga wannan labari da yatsa ɗaya, ku yi haƙuri da tsoho.

A ƙarshen shekarun 1950 ne, ina saurayi. Babanmu ya rasu bayan mun iso Makka ta hanyar Sudan, ya bar ni da Inna da ƙanwata Hansatu. Cinmu yana wani gidan sadaka: kullum da safe a bi layi, a karɓi gurasa da romo.

Mai rabon wani Babarbare ne, Malam Bukari. Wata rana ya ja ni gefe ya ce masu gidan sun fito da tsari, za su kai samari wajen masu sassaƙar dutse su koyi aiki, ana biyansu. Amma gidan da aka ɗauki ɗansa, an tsayar da gurasarsa.

Inna ta taɓe baki. "Dabara ce, so suke su rage layi. Yau shugul, gobe ma fi shugul, ma fi gurasa." Wato yau akwai aiki, gobe ba aiki, ba gurasa.

Na ƙi jin maganarta, na karɓa. Kuma gaskiya aikin ya yi albarka. Muka fara cin nama, muka bar rumfar buhu muka kama ɗaki mai ƙofa. Har Inna ta fara gaida Malam Bukari, amma a ciki-ciki.

Sai tari ya zo.

Na ce ƙurar dutse ce. Sai zazzaɓin yamma, sai gumi ya riƙa jiƙa min tabarma, wando ya daina zama a ƙugu. Ran nan na tofar a bayan tulin duwatsu, na ga jini. Na tura ƙasa da ƙafa na rufe.

Tsoro biyu ne ya kama ni. Idan mu'allim, wato ubangidanmu a wurin aiki, ya sani, zai sallame ni, ga shi ba mu cikin layi. Asibiti kuwa, duk mutanenmu sun yarda cewa wanda ya shiga ba takardar zama, daga gado sai jirgin ruwa a Jidda, a mayar da shi ƙasarsa. Ba wanda ya taɓa gani da idonsa, amma kowa ya san wani da ya san wani.

Inna ta kai ni wajen wanzami, aka yi min ƙaho a baya. Aka yi min lalas da ƙarfe mai zafi a ƙirji, tabon yana nan har yau. Na sha jiƙe-jiƙe har na rasa ɗanɗanon bakina. Tarin ko gezau.

Da ƙafa ta kasa kai ni aiki, sai ga Malam Bukari a ƙofa. Inna ta tare shi, don ta ɗauka leƙen asiri ya zo.

"Yaron ya yi tafiya, yana garin Ɗa'if," in ji ta.

Ni kuma a ciki na danne bakina da zane, amma tarin ya ƙwace.

"Hajiya, ashe Ɗa'if ta matso kusa," in ji shi. Ya ɗaga labule ya shigo, ya dube ni. "Halas, ya isa haka. Mustashfa, asibiti za mu yanzu."

"Ka raba mu da gurasa, yanzu kuma ɗan za ka miƙa musu?"

"In an sa shi a jirgi, a sa da ni."

A kan jaki aka kai ni. Duk wanda na gani da farar riga sai gabana ya faɗi, ina jiran a ce ina takarda. Suna kawai aka tambaya. Aka ba ni gwangwani in tofa majina, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan ya ɗaga hoton ya girgiza kai: "Ya waladi, ɗana, me ya zaunar da kai? Tarin fuka ne." Na yi kuka kamar yaro.

Wata da watanni ina kwance. Allura kullum har mazaunai suka ƙi taɓuwa, ga ƙwayoyi cike da tafin hannu masu tayar da zuciya. Kofina daban, kwanona daban. Ba a karɓi ko sisi ba, kuma wannan ma ya sa na ƙara zargi, na ce lissafin yana gaba. Bai zo ba, jirgin ma bai zo ba.

Amma likita ya ce magani ba ya aiki sai da abinci mai kyau. Duk ranar ziyara Inna za ta zo da ƙwai da madara, wani lokaci har da nama. In na ce ta ci, sai ta ce azumi take.

Bayan an sallame ni Hansatu ta faɗa min. Inna ta koma layi, aka ce gidanmu gidan mai aiki ne, tsarin bai tanadi komai ba ga wanda ya kwanta. Malam Bukari ya roƙa, aka ƙi, sai ya riƙa ba su rabonsa. Ƙwai da madarar kuwa, wankin kayan alhazai Inna take yi har hannunta ya tsattsage, abin da ta samu duk ni take kawo wa. Wannan shi ne azumin.

Huhuna bai sake ɗaukar dutse ba. Malam Bukari ya kai ni wajen wani tela, da allura na riƙe gida har na tsufa, ban sake bin layi ba.

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Malam Bukari da muka zarga a banza, ya saka wa likitan da ban ma san sunansa ba.

Shawarata: idan an ba ku aiki a madadin tallafi, ku karɓa, aiki ya fi layi. Amma kafin ku saki na hannu, ku tambaya ƙarara, in na kwanta ciwo, mene ne makomar gidana? Kada ku ji kunyar tambayar. Tarin da ya ƙi tafiya kuma a kai shi asibiti, ba wajen wanzami ba.

Kuma ku sa ido a kan mai jinyarku. Idan ta ce azumi take, ku aika a duba tukunyarta.