Lanƙwasar ƙ a Allon Pompi

Dangina a Tasawa sun gaji da tambayata aikin da nake yi. A kwamfutata nake haɗa manhajar da za ta yi aiki cikin ƙananan na'urori, irin wadda ke tada pompin sola a rijiyar ƙauyenmu. Waɗannan na'urori ba su da wurin ajiya sosai, shi ya sa laburaren C, wato tarin kayan aikin da kowace manhaja ke ara, ba a ɗora shi duka. Akwai zaɓuɓɓuka, a kunna wannan a kashe wancan, ni kuma ina cikin masu kula da su.

Wata rana wani abokin aiki a wata ƙasa mai nisa, wanda ban taɓa gani ba, ya ce a cire zaɓin haruffan da babu su a Turanci. Wai yana cin wuri, kuma ba mai amfani da shi.

Raina ya ɗan sosu, amma sai na gwada cire shi a na'urar da ke tebur ɗina. Allon da ya kamata ya ce "Ruwa ya yi ƙasa" ya nuna "Ruwa ya yi ?asa". Na tuna gwaggona, wadda ta koyi karatu da furfurarta. Ita ke duba irin allon nan a pompin ƙauyenmu kowace safiya, ta faɗa wa mata su jira ko su jera jarkoki.

Na aika wa abokin aikin hoton allon, na rubuta a ƙasa: "Akwai mai amfani da shi. Gwaggona ce."

Zaɓin yana nan har yau.