Kofur Audu da Lamba Ɗaya

Har gobe ba zan manta da Alhamis ɗin da Kofur Audu ya kusa sa ni kuka a bakin aiki ba, kuma da tsabar ladabi ya yi hakan.

Lokacin ina sakatariya a ofishin tsofaffin 'yan sanda da ke Sabon Gari. Ga wanda bai san aikin ba, idan aka amince da ƙarin fansho saboda tsadar rayuwa, ba haka kawai kuɗi ke faɗowa ba. Sai an tantance kowa: mutum ya zo da ƙafarsa da takardar ritayarsa, ya ɗora yatsa a na'ura. Masu na'urar kwana uku kacal suke yi a Zariya, kullum ƙarfe huɗu su tashi. Wanda ya rasa sai zagaye na gaba, wanda Allah kaɗai ya san ranarsa. Ni aikina raba katin lamba.

Kofur Audu daga Jushi yake zuwa a kan kekensa, kuma ya riga kowa. Ranar Talata shi na ba lamba ɗaya. Laraba ma shi, Alhamis ma shi. Ganin kullum sai ya dawo, na ɗauka wata takarda yake mantawa. Saura kwata a rufe aikin gaba ɗaya, sai na hango shi can ƙarshen benci, riƙe da lamba tamanin da huɗu.

"Baba, ina katin da na ba ka da safe?"

"Saje ne ya iso, 'yata, muka yi musanya. Sufeto ya zo, muka sake. Ta yaya kofur zai shiga gaban oga?"

"Haba Baba! Ai kun yi ritaya, yanzu duk tsofaffi ne ku."

"Kaki na ajiye, ban ajiye tarbiyya ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ƙarin nan yake jira ya riƙa sayen maganin hawan jinin matarsa, wanda likitocin asibitin Shika suka ce kada ta kuskura ta tsallake. Na roƙe shi ya tashi in shigar da shi, ya ƙi ƙememe.

Sai na je wurin Baba Yohanna na Samaru, tsohon sufurtanda, wanda shi ne na gaba a layi. Na raɗa masa abin da ke faruwa. Ya fara dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya saki wata murya da ban san yana da ita ba.

"Kofur Audu!"

"Sa!"

"Wuce tebur yanzu-yanzu. Umarni ne!"

Wallahi da maci tsohon nan ya tafi, 'yan benci suna yi masa "hagu, dama". Na'ura ta karɓi yatsansa saura minti biyu.

Mai na'ura ya dubi agogo, ya ce wa Baba Yohanna, "Ranka ya daɗe, kai fa lokacinka ya tafi."

"Ba komai, ɗana. Oga ba ya ci sai yaransa sun ci. Mu ne muka manta."

Mai na'ura ya ajiye jakarsa da ya riga ya ɗauka, ya koma kujera. Sai da ya gama da kowa ya tashi.

Ranar na gane mutanen nan ba roƙo suke ji ba, umarni suke ji, kuma na ƙasa ba zai taɓa cewa a duba shi ba, sai kai ka duba shi. Tun daga nan da biro nake rubuta suna a jikin kowane kati.