Nasara Uku da Ƙwaya Biyu

Shekara ashirin da shida Mai Fanka ya yi a shago ɗaya, har sana'ar ta cinye masa suna. Yana gyaran fanka, ta sama da ta tsaye da 'yar ƙaramar nan ta tebur. Aibinsa ɗaya, ba ya iya cewa abu ya mutu. Ka kawo masa fankar da ta ƙone ƙurmus, sai ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ce ka dawo jibi. Rabin shagon gawarwakin fankoki ne da yake jinya, masu su sun manta da su tuni. Matarsa takan ce masa wannan ba tausayi ba ne, tsoron faɗin gaskiya ne. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce duk ɗaya.

A cikin kwalin wata fanka da ba a dawo karɓa ba ya tsinci wani littafi marar bango, na wani wasan labari da ake yi a kan tebur. Wata biyu ya yi yana fama da shi kafin ya gane kansa. Mutum ɗaya ke riƙe da labarin, shi ne hanya da ruwan sama da abokan gaba. Sauran kowa da gwarzonsa a rubuce a takarda. In gwarzonka zai yi abu mai haɗari, cika baki ba ya fisshe ka. Takarda za a duba: ƙarfi uku, ƙwarewa biyu, to ka ɗebi ƙwayar lido biyar ka watsa a faranti. Duk wadda ta nuna biyar ko shida, nasara ɗaya ke nan, kuma mai labari ya riga ya faɗi nasara nawa ake nema. In gwarzon ya ji rauni, sai a rage masa ƙwaya. Mai Fanka ya bi tsofaffin allunan lido ya tara ƙwaya goma sha tara a gwangwanin madara, ya kafa wani kwali a gabansa don ya ɓoye takardun labarinsa.

Duk Asabar da yamma sai a ja tebur zuwa bayan shago. Akwai Tela, maƙwabcinsa, wanda bai taɓa zaɓar komai ba sai ɓarawo. Akwai ƙanwarsa Auta, malamar lissafi a firamare. Sai kuma babban wansu, Yaya, tsohon direban babbar mota, mai tafin hannun da ke ɗaukar ƙwaya tara ya yi saura. In ya watsa, sai an shiga ƙarƙashin fankoki nema. Cikin shekara tara gwarazansa huɗu suka mutu, kuma kowanne sai da ya yi mako yana masifa, yana kiran ƙanensa azzalumi, sannan ya dawo da sabuwar takarda yana washe baki. Likita yake ce wa Mai Fanka, don tsokana, saboda jinyar da yake yi wa ƙarafa.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Yaya. Hannun dama ya tafi, na hagu yana rawa, leɓe ya karkace. A gida aka shiga lallaɓa shi kamar ƙwai. Matarsa ta daina musu da shi, 'ya'yansa kome ya ce sai su ce haka ne Baba, ko da kuwa ya ce Talata ce alhali Alhamis ce. Bayan wata huɗu ya ce a kai shi shago ranar Asabar.

Gwarzonsa na lokacin, Mai Gatari, zai tsallake wata gada da ke karyewa. Ƙwaya bakwai, ana neman nasara uku. Yaya ya miƙa hannun hagu, ƙwayoyin suka zube ta tsakanin yatsu. Aka zuba masa a kofi, kofin ya kife a cinyarsa. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce, “Likita, jefa mini.”

Mai Fanka ya jefa a bayan kwali. Biyar guda ɗaya ta fito, sauran duk tarkace. Ya ɗaga kai ya ga wansa riƙe da hankici a gefen baki, yana jira.

“Uku cif,” in ji shi. “Ka tsallake, gada ta rufta a bayanka.”

Yaya ya yi dariyar da ba a ji ba tun kwanciyarsa, har ya bugi tebur. Mai Fanka ma ya yi dariya, amma ya yi maza ya kwashe ƙwayoyin. Ya yi wa kansa alkawari wannan ne na farko kuma na ƙarshe.

Alkawarin mako ɗaya ya yi. Wata goma sha ɗaya yana wannan aiki, har ya ƙware, abin kunya. Yakan bar Mai Gatari ya faɗi a ƙananan abubuwa, ya kasa buɗe ƙofa ko ya zame a laka, don kada a gane. Amma duk inda rai ke ciki, uku ce ko huɗu. Auta takan zuba masa ido ta saman tabarau, shi kuma ya shiga gyara takardu. Ya sha yin niyyar dainawa, musamman ran da ya kai wansa gida ya ji yana ce wa matarsa, “Allah ya karɓi hannu, amma ya bar mini sa'a.” Maganar nan ta yi ta damunsa har washegari, ya naɗa wayar fanka ɗaya sau biyu duk ba daidai ba. Duk da haka Asabar na zuwa ya koma.

Ranar da asiri ya tonu, faɗa ake yi a cikin wani ramin haƙar ma'adini. Mai Gatari ya sha sara, Tela ne ke riƙe da takardar Yaya yana rage ƙwaya. Ana tsakiyar haka wata mata ta leƙo neman fankarta, Mai Fanka ya tashi ya sallame ta da jibi, ya dawo hankalinsa rabi a waje. Yaya ya ce zai kai sara na ƙarshe. Tela ya miƙo ƙwayoyi, Mai Fanka ya karɓa ya watsa bai ƙirga ba, bakinsa ya faɗi abin da ya saba.

“Uku.”

Yaya ya juya ya dubi Tela.

“Tela,” in ji Yaya a hankali, “ƙwaya nawa ka ba shi?”

Tela ya sosa ƙeya. “Biyu ne, Yaya.”

“Likita, ɗage kwalin nan.”

Ya ɗage. Biyu da huɗu ne a farantin, ko nasara ɗaya babu. Yaya bai yi masifa ba, kuma da ma masifar ya yi da ta fi sauƙi. Ya ce Auta ta kama shi ya tashi.

Asabar uku kujerarsa ba kowa. Mai Fanka ya rasa inda zai sa kansa don nadama. Matarsa ba ta ce ai na faɗa maka ba, sai dai ta ajiye masa takalmansa a bakin ƙofa. A ta huɗu ya ɗauki gwangwani da faranti ya tafi. Ya tarar da wansa a ɗaki kusa da taga, sandarsa a jingine da gado.

“Tun yaushe?” in ji Yaya, ko gaisuwar bai amsa ba.

“Tun ranar gada.”

“Nawa ta fito?”

“Ɗaya.”

“Ashe mutumin nan wata goma sha ɗaya ke nan da mutuwa, ina ta yawo da gawa ina yi wa mutane alfahari.” Ya goge baki. “Ka san me ke kai ni shagonka? A gidan nan ko ruwa na zubar sai a ce ƙasa ce ta ji ƙishi. Na ɗauka teburinka ne kaɗai wurin da ya rage da zan iya faɗuwa kamar kowa. Ashe kai ma jinyata kake yi, ka haɗa ni da fankokinka.”

“Yaya, ka yafe mini. Wallahi dariyarka nake so in ji.”

“Ka ji ai. Miƙo farantin. Biyu ko?”

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya da yatsu uku, hannun na karkarwa, ya sake ta. Uku. Ya ɗauki ta biyu, ta suɓuce ta gangara gefen farantin ta tsaya. Ɗaya.

“To, faɗi.”

Mai Fanka ya dubi farantin. Bai taɓa ce wa ko mai fanka fankarsa ta mutu ba. Amma ya faɗa: gatari ya kuskure, ya daki dutse, fitila ta mutu, Mai Gatari ya durƙusa a cikin ramin bai ƙara tashi ba.

Yaya ya lumshe ido ya saurara har ƙarshe. “Azzalumi,” in ji shi, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. “Kawo mini sabuwar takarda.”

Har yau ana wasan duk Asabar. Kwalin ya koma aikinsa na da, an zuba masa kusoshi. Yaya na jefa nasa da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ko da bakwai ne, kowa ya jira. Ya yafe, ya faɗa da bakinsa a gaban Tela da Auta. Sai dai a da, in Mai Fanka ya watsa ƙwayoyin abokan gaba, fuskar ƙanensa Yaya ke kallo ya jira ya ji. Yanzu kuwa sai ya dafa tebur da hannun hagu, ya miƙa wuya, ya ƙirga da idonsa tukuna. Mai Fanka yakan tura masa farantin kusa don kada ya wahala.