Dakuwar Ƙanwata a Waya

Ni na koya wa ƙanwata dakuwa. Innarmu ta nuna mini yadda ake tsince aya, a soya ta har ƙamshi ya cika gida, a daka da gyaɗa da sukari da ƴar citta. Ni kuma na nuna wa ƙanwata, ina make mata hannu in ta bar ayar ta ƙone. Da aka kai ta aure Gidan Rumji, ni na saka mata ƙaramin turmi cikin kaya.

Shekara da shekaru ina sana'ata a ƙofar gida a Gazawa, ranar kasuwa kuma in ɗauki tire in zauna kusa da tasha. Direbobi duk sun san ni. Ban taɓa zaton mai dakuwa na buƙatar wani abu bayan hannu mai kyau ba.

Sai ranar wani suna a unguwarmu, matar wani malamin lakol, wato makarantar boko, ta fito da dakuwa cikin roba mai murfi, an jera ta kamar ƙwan zabo. Ta miƙo mini, ta ce in ɗanɗana in ji yadda ake yi a wasu wurare. Wai wata mata ce ke yin ta a Gidan Rumji, a waya take ganin kayanta, ta tura saƙon murya, washegari direba ya kawo. Na gutsura. Tun kafin in haɗiye na gane hannun gidanmu. Ta buɗe wayar ta nuna mini: ga ƙanwata da mayafi ruwan goro, tana murmushi tana mulmula dakuwa, tana cewa wajen Innarta ta gada. Ba ta ce Innarmu ba. Matar malamin nan, in na ɗaga murya daga gidana tana ji, amma dakuwarta sai ta bi ta Maradi, ta ratsa Agye, ta wuce ta ƙofata. Na ce mata ba laifi, sai dai sukari ya yi yawa. Ban gaya mata ƙanwata ce ba.

Cikin satin na sayar da akuya na sayi babbar waya mai shafawa. Na ce wa maigida don gaisawa da dangi ne. Na gwada ɗaukar hoto. Nawa duk sai su fito da duhu, ga tsatsar tire a gefe, ga kaza tana leƙe. Da na yi saƙon murya na saurara, sai na ji kamar mai sanarwar rasuwa, na goge.

Abin da na ƙware a kai shi ne kallon nata. Da na idar da sallar asuba sai in buɗe. Na san ranar da ta canza robobi, na san ranar da ta fara kunun aya a gora, na san hajiyoyin Tibiri da ke yi mata odar biki suna sa mata albarka. In kalla, in kife wayar, in sake ɗauka. In mun gaisa kuwa, daga lafiyar yara sai damina.

Bayan sallar layya ta kira ni. Muka gaisa, sannan ta ce, "Yaya, kullum ke ce ta farko da ke buɗe hotunana. Wayar tana nuna mini. Me ya hana ki ce mini ko sannu?"

Ashe duk watannin nan tana ganina. Na ce hannuna ne ke zamewa. Ta yi ƴar dariya ta bar zancen. Sai ta ce masu oda daga Gazawa da Agye sun yi mata yawa, ga dakuwa na tsatso mai a mota in rana ta yi zafi. Ko zan riƙa yi musu, ita ta turo mini sunaye, ni in ba ɗan kabu-kabu ya kai a babur?

Kwana uku ban ba ta amsa ba, sannan na karɓa. Yanzu ayar da nake soyawa ta ninka ta da. Ita ke aiko robobin, kowace da takarda manne mai hotonta. Ni ke daka, ni ke mulmulawa, ni ke rufe murfin a kan fuskarta, mutanen unguwarmu na ci suna yabon matar Gidan Rumji.

Watan jiya ta zo ganin gida, ta ce bari ta ɗauki bidiyon hannuna ina aiki. Na ce in za ta ɗauka, ta ɗauka har fuska. Ta ce to, amma in saki rai in yi murmushi. Sau huɗu muna maimaitawa a gindin itacen bedi, ta ce in ta koma za ta zaɓi wanda ya fi kyau. Har yau ba ta ɗora ko ɗaya ba, ni kuma ban tambaye ta ba.