Tabon Rawaya a Fatar Ido

A gidanmu na Argungu maza ba su tsufa. Babanmu ya faɗi a bakin gulbi yana jan taru, gemunsa baƙi wuluk. Ƙanensa ya dafe ƙirji a gonar shinkafa, kafin a kawo ruwa ya cika. Mutane suka ce aljanun ruwa ne ke karɓar rabonsu, mu ma muka yarda.

Muna da wata alama, ɗan tabo rawaya a fatar ido, kamar an ɗiga man shanu. Gwaggo, yayar Baba, ba ta da abin alfahari kamarsa. Duk wanda ya fito wa sai ta ce, "Wanga jininmu na, babu gardama."

Zamanin muna jihar Sakkwato ina koyarwa a Birnin Kebbi, ciwon kai ya kai ni asibiti. Likita ya tsaya yana duban tabon nan nawa, ya tambayi yadda Baba ya rasu. Aka ɗebi jinina. Daga baya ya ce tabon alama ce ta kitse ya yi yawa a jini, gadonsa ake yi, shi ke toshe jijiyoyin zuciya. Ya ce in kawo 'yan'uwana duka.

Yayana ɗaya ne ya rage. Ranar Asabar na hau mota sai Argungu. Na ishe shi sigari a baki, ga tuwo gabansa yana iyo cikin man shanu.

"Yaya, don Allah ka zo a duba ka. Ka bar taba, ka rage mai."

Ya yi dariya har da tari. "Malama ke nan! Likitan naku ya taɓa shiga ruwa?"

Raina ya ɓaci, na ce masa wannan taurin kai ne, ba tawakkali ba. Sau uku ina komawa, har ya fara ɓuya in ya ji sallamata. Na yi fushi na daina zuwa. Wallahi fushin nan har yau yana cina.

Bayan damina biyu ya faɗi cikin kwalekwale.

Ranar sadakar uku babban ɗansa, saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, ya durƙusa gaida Gwaggo. Ta tallabi haɓarsa, ta juya fuskarsa wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Sai ta yi murmushi cikin hawaye.

"Alhamdulillahi, ga tabon nan ya fito. Gidan bai mutu ba."

Na miƙe na kama hannunsa, na ce gobe tare za mu tafi asibiti. Ya dube ni, ya yi dariya irin ta ubansa.