Turai da Baƙar Kazarta

A Madarumfa ta wancan zamani, in ka ce kana neman mai gyaran kaji, ba wanda zai tambaye ka suna. Za a nuna maka gidan ƙarshe ta wajen tafki, mai dangar kara da ta kwanta gefe guda. Nan Turai take. Gajeruwa ce mai ƙananan hannuwa, kuma hannuwan nan su suka yi mata suna. Kazar da ƙwai ya maƙale mata, ko wadda duburarta ta zazzago bayan ta yi ƙwai, sai a naɗo ta cikin zane a kawo. Turai ta ɗumama ruwa a kasko, ta tsoma gindin kazar, ta shafa man gyaɗa a ɗan yatsa, ta yi ta lallaba har abin ya fito ko ya koma. Mata kan ce hannunta na da sa'a. In ta ba da baya kuma su ce ai ƴar Anna ce, ba a rasa su da abin da suka taka.

Ƴar Anna ce kuwa. A wani ƙauye kusa da Gabi aka haife ta, gidan da ba a salla, ana zuba jini gindin tsamiya kafin a kai iri gona. Lawali masunci ya gan ta a kasuwa tana sayar da daddawa, ya aure ta, ta kama salla, ta koyi bandar kifi. Kafin a jima ita ke ɗaukar banda a kai ta bi ayarin mata su ƙetare iyaka zuwa kasuwar Jibiya, ta komo da turmin atamfa da kananzir. Waɗanda suka san ta lokacin sun ce dariyarta kan riga ta isowa gida.

Ƴan shekaru bayan tafiyar Nasara, Lawali ya faɗi. Yana kan gora tsakiyar ruwa, koma a hannu, sai ɓarin jikinsa na dama ya saki. Abokansa masunta ne suka jawo shi tudu. Aka sha rubutu, aka ɗauko mai allura daga Maraɗi, jiki sai gaba yake yi, har ya daina haɗiyar ruwa, ƴan'uwansa suka juya shi gabas. A ranar ne Kanta, yayan Turai, ya iso daga Gabi da baƙar kaza a hammata. Bai shiga ɗakin ba. Bayan ɗaki ya kira ta, ya ɗora mata kazar a hannu.

“Doguwa, iskar gidanmu, ita ta taɓa shi,” in ji Kanta. “Kin tahi kin bar ta, ba ko gaisuwa. Na roƙe ta, ta yarda a aje mata wagga. Ba a yanka ta, ba a saida ta, ba a cin ƙwanta. In ta tsuhwa, ɗiyarta baƙa ta gaje ta, ki kawo mini uwar. Amma kada ki bari ta mutu ba magajiya. Ran da aka yi haka, mai abu za ta zo ta ɗau abinta.”

Da la'asar Lawali ya nemi kunu.

Ya rayu, amma rabinsa. Hannun dama ya lanƙwashe, ƙafa ta bushe, baki ya karkace har magana sai da ja. Turai ta ajiye kwandon banda. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke fid da kaskon fitsari kafin maƙwabta su tashi. Ɗiyarsu Rabi ta yi aure a Safo, gida ya rage su biyu da kaji. Uwar Turai ta rasu a Gabi, ba ta je ba, don ba mai juya mata shi. Gari kuwa sai yabo: an ce in ana neman mace ta gari a je gidan Lawali. Yabon nan ya zama mata kamar tabarmar da aka naɗe ta ciki, ba ta iya ko miƙe hannu.

Shi Lawali bai taɓa yarda da zancen kazar a baki ba. Carbi na hannunsa na hagu, yakan ce Allah ne ya tashe shi, ba tsafin Anna ba. Amma kullum safiya, in ta gama shafa masa mai, sai ya kau da kai ya tambaya kamar ba da gangan ba, “An ba kaji tsaba?” Ta san wadda yake nufi.

Baƙar kaza ta haifi baƙa, wannan ta haifi wata. Sai aka shiga shekarun fari. Tafki ya ja da baya har yara na wasa inda dā ake jefa koma, laka ta tsattsage, aka fara rabon jar dawa a bakin ofishin gwamnati. Annoba ta bi kaji akurki akurki. Na Turai suka zube duka, sai baƙar guda, budurwar kaza da ba ta taɓa ƙwai ba, ba ta da magajiya.

Wata safiya cikin bazara Turai ta sami kazar tsaye gindin randa, fukafukai a sake, wutsiya a ƙasa, tana tafiya kamar agwagwa. Ta yi yunƙuri, ta buɗe baki, ba kyarkyara. Turai ta taɓa ƙasan cikinta, ta ji ƙwan, babba, ya tokare ƙofa. Ta san ciwon kamar yunwar cikinta, ta san maganin, ta kuma san kazar da ta wuni a haka ba ta kai gobe. Ta ajiye ta, ta tafi ta ɗauki tsintsiya ta kama sharar tsakar gida.

Tana sharar Balaraba ta shigo, ƙanwar Lawali, mai baki kamar reza.

“Matarmu, ina kwana? Yayana ya tashi, ko kin saida shi kin sayi dawa?”

“Wa zai saye? Ko kyauta na ba ki ba ki ɗauka.”

“A'a, ni na gama nawa reno. Ke dai da kinka ga kyau kinka biyo.” Balaraba ta yi dariya, sai idonta ya faɗa kan kazar. “Kai! Mi ya samu gimbiyar? Ƙwai ne?”

“Ƙwai ne.”

“To mi kike jira? Kazar maƙwabciyarki Atika da ba ta kai wannan ba, da gudu kinka sa kasko. Wanzami dai ba ya son jarfa.”

“Itace ne babu. In na gama shara.”

Balaraba ta dubi tarin kara da ke jingine jikin rumbu, ta dubi Turai. Ta leƙa ɗaki ta gai da yayanta, ta fita ba ta ƙara tsokana ba, abin da ba ta saba ba.

Turai ta gama shara. Ta wanke ƙoren da ta riga ta wanke. Ta tsince dawar da ba ta da tsakuwa. Ba ta ce wa kanta komai ba, hannuwanta ne kawai ke ta neman aikin da ba shi ba ne. Sai da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, lokacin da tsofaffi ke hana yara zuwa gindin tsamiya, sannan ta hura wuta ta ɗora kaskon.

Gari ya yi tsit. Ba sautin turmi, ba kukan jaki, ko balbelar da ke bin laka ta ɗauke. Ta zauna bakin murhu, kazar a cinya, ta tsoma gindinta a ruwan ɗumi, ta shafa mai a yatsa ta zura a hankali. Ta taɓa ɓawon. Siriri ne, kazar yunwa ba ta yin ɓawon kirki. Babban yatsanta na waje, daidai kan ƙwan. Ta san in ta danna kaɗan zai fashe a ciki, kazar ta kwana biyu ta mutu, kuma duk Madarumfa ba mai cewa komai sai dai Turai ta yi iya ƙoƙarinta.

A nan ta tsaya.

Ta ga hanyar Jibiya, jar ƙasa, mata a jere, nauyin kwando a wuya. Ta ga kanta kwance kan tabarma har hantsi ba wanda ya kira ta. Ba fushi a ciki, ba ƙiyayya. Da akwai ƙiyayya da ta ji sauƙi, don ta san sunanta.

Kazar ta buɗe baki ta ja iska da ƙyar. Daga cikin ɗaki aka ja iska da ƙyar. Turai ta kasa kunne. Kaza ta saki, ɗaki ya saki. Ta ja, ya ja.

Sai wata ƴar guguwa ta shigo ta inda danga ta kwanta, ba iska ko'ina, ta tattara tokar murhu da gashin matattun kaji, ta miƙe tsaye tsakar gida, doguwa, siririya, ta fi rumbu tsawo. Ba ta wuce ba kamar yadda guguwa ke wucewa. Ta tsaya tana juyi wuri guda, kuma ba ƙofar ɗakin Lawali ta dosa ba. A gaban Turai ta tsaya.

Nan maganar Kanta ta dawo mata da wata fuska. Bai ce za a ɗauki Lawali ba. Cewa ya yi mai abu za ta ɗau abinta. Wace ce ta bar gida ba gaisuwa? Hannun wa aka ɗora wa kazar?

Babban yatsan ya ɗaga. Ɗan yatsan ciki ya zagaya ɓawon, ya lallaba, kazar ta yunƙura, ƙwan ya sulɓo cikin tafinta da jini a jikinsa, da zafinsa. Naman da ya biyo shi ta wanke da ruwan bagaruwa ta mayar. Da ta ɗaga kai guguwar ta zube, sai gashin kaji ke saukowa ɗaya ɗaya. Ta so ta ce tausayi ne ya ɗaga mata yatsa. Ta gwada maganar a zuci, ba ta zauna ba.

Ta juya za ta ajiye ƙwan, sai ta ga asabarin ƙofa a ɗage. Lawali na kwance bakin ƙofa, rabinsa a waje, gwiwar hannun hagu ta sale tana jini. Mutumin da tun faɗuwarsa bai sauko gado da kansa ba. Ba ta san tun yaushe yake nan ba. Idonsa ba kan kazar yake ba, kan babban yatsanta yake.

“Malam, mi ya fito da kai? Da ka kira ni.”

Karkataccen bakin ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

“Kin daɗe,” ya ce.

Ta ɗauke shi ta mayar gado, ta wanke masa gwiwar. Da ta gama ya ce a kawo masa kazar. Ya sa ta ɗaure ta da zare a ƙafar gadonsa, ta ɓarin hagu, inda hannunsa ke kaiwa.

Nan kazar ta zauna. Nan ta yi kwanci cikin tsohon kasko bayan an aro mata zakara, nan ta ƙyanƙyashe. Daga tuwonsa yake gutsura mata, carbi na rataye a wuyan hannun. Balaraba ta yi ta yi masa dariya, wai yayanta ya yi amarya mai fukafukai. Gari ya ci gaba da yabon Turai, mata suka ci gaba da kawo mata kajinsu cikin zane, tana gyarawa, ba ta ƙara bari wata ta jira ba.

Bai sake tayar da maganar ba har ruwa ya komo tafki, har aka koma kamun kifi. Sai dai duk ran da baƙar ta yi laushi, Turai ta kwance zaren za ta fita da ita inda haske yake, muryarsa kan biyo ta daga gado, a hankali, ba faɗa.

“A'a. Yi a nan, gabana.”