Kawu Lawal da Tatsuniyar Mai Majajjawa

Kakata, wadda muke kira Iya, ta zo Landan ne a shekarun da kuɗin mai ya fara ambaliya a gida, lokacin da gwamnati ke turo ɗalibai ƙasar waje kamar ana watsa wa kaji tsaba. Babana na cikin waɗanda aka turo. Yana karatun likita a wani asibiti a Whitechapel, muna zaune a ɗaki biyu a saman shagon wani tela. Abin da aka faɗa wa mutanen Malumfashi shi ne Iya za ta je a cire mata yanar ido. Gaskiya ne, an kuma cire. Amma ko ni da nake yarinya na gane ba idon kaɗai ya sa ta hau jirgi ba. Ta zo ne ta tafi da ɗanta.

Ɗan nata shi ne Kawu Lawal, yayan mahaifiyata, ɗan farin Iya. Ya riga mu zuwa da daɗewa don karatun injiniya, karatun bai yiwu ba, ya kama aikin duba tikiti a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya sami ɗaki a unguwar Edmonton. Abokan karatunsa a gida sun zama manya, kowa da mota da direba, ana ta aiko masa cewa ya dawo, aiki na neman mai yi. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: bari a gama wasannin bana.

Wasan shi ne kurket, wanda ya koya tun yana kwaleji a Zariya. Mutum ɗaya ke jefa ƙwallo, wani ya tsaya da faffaɗar sanda yana kare wasu turaku uku da ke bayansa. Akwai masu jifa da ƙarfi. Kawu ba ya cikinsu. Shi murza ƙwallon yake yi da yatsu, ya sake ta a hankali kamar ba ya so, tana taɓa ƙasa sai ta kauce hanya kamar akuyar da ta hango kura, mai sanda ya kai duka a iska. Duk ranar Lahadi yana filin wasa da wata ƙungiya ta direbobin bas, 'yan Jamaika da 'yan Pakistan. Yatsansa manuni ya yi kanta har ya karkace, in ya tsage sai ya tsoma shi a ruwan gishiri yana hira kamar ba jikinsa ba.

Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. In ya shigo gaishe ta, sai ta amsa tana kallon wani wuri. In abinci ya sauka, ta ce, “Ku ce wa wancan ga tuwo nan.” Ta ƙetare sahara da teku dominsa, amma ba za ta iya duban idonsa ta ce masa taho mu tafi ba.

Wutarmu a wancan gida hita ce ta kananzir, baƙa, mai ƙananan huji a kanta. Ko da bazarar Turawa, lokacin da maƙwabta ke yawo hannu a waje, Iya sai an kunna mata ita da zarar an yi magariba. Takan ce wutar da ba ta da toka ba wuta ba ce, amma a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Sai ta shimfiɗa bargo, ta miƙe ƙafafu, ta sa a kashe fitila. Hasken hitar ya fita ta hujin nan ya zana fure a rufin ɗaki, furen yana ta rawa. Ni da ƙanena Sani mu raɓa jikinta. Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Takan ce, “Ga wata nan ta taso daga nesa, ta sha tafiya.” Mu kuma ta koya mana mu ce, “Ta shigo ta ji ɗumi.”

Wata Asabar a ƙarshen bazara Kawu ya zo tun hantsi, tare da abokin Babana, Bitrus, mutumin Jos da ke aiki a gidan waya. Ana wasa tsakanin Ingila da wata ƙasa da ta zo baƙunta, suka wuni gaban ƙaramar talabijin ɗinmu. A cikin baƙin akwai wani dattijo mai murza ƙwallo, wanda aka ce wannan ne wasansa na ƙarshe. Na tuna furfurarsa da yadda yake tafiya kamar gwiwa na damunsa. Duk ƙwallon da ya jefa sai samarin Ingila su maka ta har cikin 'yan kallo.

Bitrus ya ce, “Wallahi abin tausayi. Da ya ajiye tun bara da mutuncinsa. Yanzu yaran da aka haifa a gabansa ke wasa da shi.”

Babana ya ce, “Zamanin murza ƙwallo ya wuce. Yanzu ƙarfi ake ji. Ka kawo ƙato ya jefo ta kamar harsashi, an gama.”

Kawu bai ɗauke ido daga talabijin ba. Ya ce, “Ba ku san abin da kuke kallo ba. Dubi wuyan hannunsa. Ƙwallon ce ba ta kama ƙasa ba yau, filin ya yi santsi. Gobe in rana ta buɗe za ku ga aiki.”

“Kullum gobe,” in ji Bitrus, yana dariya. “Lawal, dattijon kake karewa ko kanka? Na ji an ce makon jiya wani yaro ya aika ƙwallonka har kan titi.”

Aka yi dariya. Kawu ma ya yi, amma na ga babban yatsansa yana shafa kantar nan. Da aka tashi wasa, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafa wa dattijon. Ya ɗaga hularsa sau ɗaya, ya shige ɗaki bai waiwayo ba. Kawu ya ce a hankali, “To yanzu ina zai je?”

Iya na ɗakin ciki duk tsawon wunin, amma ƙofa a buɗe take. Bayan magariba Bitrus ya tafi, Babana ya koma asibiti, Kawu ya zauna a kujerar bakin ƙofa yana jiran ruwan sama ya tsagaita. Sai Iya ta sa aka kashe fitila. A ranar ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce a wani gari an yi wani yaro mai gadin gonar dawa. Aka kafa masa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, yana hawa yana korar tsuntsaye da majajjawa. Wata rana wata tsohuwa ta fito daga cikin dawa ta roƙe shi ruwa, ya ba ta duk abin da ke gorarsa. Ta kama hannunsa ta tofa, ta ce daga yau dutsensa zai riƙa zagaya bishiya ya sami tsuntsun da ke bayanta. “Amma ranar da aka girbe dawa, ka sauko. Kada ka yi jifa a gonar da ba hatsi.”

Haka kuwa aka yi. Dutsensa ya riƙa lanƙwasa a sama kamar lauje. Mutane suka riƙa barin aikinsu suna zuwa kallo, mata na guɗa, makaɗa suka yi masa take. Aka yi girbi, aka kai dawa rumbu, uwarsa ta zo gindin rumfa ta ce ya sauko an yi masa fura. Ya duba ya ga har yanzu da sauran 'yan kallo. Ya ce, “Inna, saura jifa ɗaya.” Kashegari ta dawo. Ya ce saura ɗaya. 'Yan kallo suka riƙa raguwa har ya zama sai yara, yaran ma suka girma suka tafi. Uwar ta yi ta zuwa har ta koma zuwa da sanda, daga baya aka daina ganinta. Rijiyar garin ta ƙafe, mutane suka tashi suka bar kufai.

Nan Iya ta sassauta murya. “Har yau, ƙawata, in fatake suka bi ta wannan fili da la'asar sakaliya, sukan ji fiuu, dutse ya wuce ta kansu ya zagaya bishiyar kuka. Ba tsuntsu, ba dawa. In suka ɗaga kai sai su ga rumfa, da wani abu a tsaye a kanta, hannu a sama.”

Sani ya ƙanƙame ta, ya tambaya da Turancinsa ko mutumin ya mutu. Ta ce, “Ai da ya mutu da ya huta.” Sannan ta ce tatsuniya ta koma inda ta fito, mu tashi mu wanke ƙafa.

Na juya na dubi Kawu. Hasken hitar na rawa a fuskarsa. Can ya ce da mahaifiyata, ba da Iya ba, “Ki gaya mata baɗi in Allah ya kai mu. In na gama da ƙungiyar nan da kyau.” Iya ta ce da ni, ba da shi ba, “Ki ce wa wancan ya ɗauki lema, ana ruwa.” Iyakar maganar da suka yi ke nan a kan abin da ya kawo ta.

Da sanyi ya fara shigowa Iya ta koma gida. A filin jirgi Kawu ya durƙusa a gabanta, ta ɗora hannu a kansa tana kallon wani gefe. Damina na zagayowa aka bugo wa Babana waya a asibiti cewa ta rasu, zazzaɓin kwana kaɗan. Kafin labari ya iso mana an riga an binne ta.

Kawu ya zo ya zauna zaman makoki tare da mu, bai yi kuka a gaban kowa ba. Ranar Lahadi ta zo, Bitrus ya gan shi a tashar bas da jakar fararen kayansa na wasa. Mahaifiyata ta ji, ta ce, “Uwarsa ko kwana bakwai ba ta yi ba, yana can yana jifa.” Ba ta ƙara sakar masa fuska ba har muka koma gida bayan Babana ya gama karatu. Ni ma na tashi da wannan fushin. Duk lokacin da tatsuniyar ta faɗo mini, fassararta a wurina ɗaya ce: mutumin da tafin 'yan kallo ya fi masa uwa.

Aiki ya dawo da ni Landan bayan na yi aure na haihu. Na riƙa leƙa shi a Edmonton don zumunci. Ya tsufa, bai yi aure ba, bai taɓa komawa gida ba. Ba ya maganar kurket, ni ma ba na tambaya. Da ya rasu, a nan muka binne shi, mutane kaɗan. Muna fitowa daga maƙabarta wani tsoho ɗan Jamaika mai dogara sanda ya tare ni, ya ce sunansa Errol, tare suka yi wasa. Na ce masa, da ɗan ɗaci a bakina, ai Kawu ya ba wasan nan rayuwarsa duka.

Ya dube ni da mamaki. Ya ce, “Ba ku sani ba? Tun makon da mahaifiyarsa ta rasu bai ƙara jefa ƙwallo ba. Ran nan ya zo, na miƙa masa ita da hannuna. Ya tako, ya ɗaga hannu, ƙwallo ta ƙi barin yatsunsa. Ya koma ya sake takowa, haka. Muna tsaye muna kallonsa, hannu a sama. Daga ƙarshe ya miƙa wa alƙalin wasa, ya je ya zauna a gindin bishiya. Amma bai fasa zuwa ba. Duk Lahadi, shekara da shekaru, zai sa fararen kaya ya zauna a wurin har a tashi. Mun yi ta ce masa ya je gida ya ga kabarinta. Sai ya ce da wane ido.”

Na daɗe ina juya wannan magana. Yanzu na girmi Iya a shekarun da ta zo Landan, kuma ba na jin tatsuniyar yadda na ji ta ina yarinya. Ban ƙara yarda cewa tafi ne ya riƙe yaron a kan rumfa ba. Ina jin tun farko ya hango daga sama cewa duk sa'o'insa sun cika rumbu, shi kuwa in ya sauko ba abin da zai nuna sai majajjawa. A can sama shi wani ne. A ƙasa bai san ko shi wane ne ba. Bayan uwar ta daina zuwa kuma, saukowar ta fi zaman ciwo.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wani abu da ban lura da shi ba a wancan maraice. A duk tsawon tatsuniyar, babu mutum ɗaya da ya kama tsani ya hau rumfar ya riƙo hannun yaron. Uwarsa kunya ta hana ta, mutanen gari kallo ya kawo su. Iya ta san haka, don ita ta tsara labarin, kuma ina jin da kanta take, ba da shi kaɗai ba. Mu da muka rage bayanta, ni da mahaifiyata da Babana, muna gari ɗaya da shi, bas ɗaya ke tsakaninmu da filin nan. Ko sau ɗaya ba wanda ya je ya ga abin da yake yi a can.